Takardar 'yan sanda ba sharaɗi ba ce kafin a duba wanda aka harba

Duk lokacin da aka kai hari a ƙauyukan Filato ko rikici ya tashi a Jos, sai jita-jitar ta dawo: wai asibiti ba ya taɓa mai raunin harsashi sai da takardar 'yan sanda, kuma wanda ya kawo shi za a tsare. Tsoron nan ke sa a ɓoye mutum a gida har jininsa ya ƙare.

Dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓe su nan take, da takarda ko babu, da kuɗi ko babu. Sauran raunuka, na bam, gobara ko haɗarin mota, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi su.

Batun awa 2 na dokar 2017 ne ke rikita mutane. Asibiti ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara jinya, ba dangi ba. Wato jinya farko, rahoto daga baya. Asibitin da bai sanar ba, tararsa naira 100,000. Wanda kuwa ya naɗe hannu har mutum ya mutu, likita ne ko ɗan sanda, tarar naira 500,000 ce ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyun. Dokar ta kuma ce a mutunta mai kawo taimako, kada a tsare shi da tambayoyin cin fuska.

Amma jira ba ƙin karɓa ba ne. A rana irin ta tashin bama-baman kasuwar Taminus a Jos, 20 ga Mayun 2014, tantancewa ake yi a bakin ƙofa: jan tambari ga wanda numfashinsa ya toshe ko jini ke kwarara, rawaya ga mai iya jira, kore ga mai tafiya da ƙafarsa. Mai karaya zai ga an wuce shi da wanda ya zo bayansa, kuma daidai ne. Dangi su rage cunkoso, masu lafiya su ba da jini.

Inda dokar 2017 ta gaza shi ne kuɗi. Ta yi wa likita barazanar kurkuku, ba ta ce wa zai biya jini, iskar oksijin da man janareta ba. Kashi 5 cikin ɗari na asusun kiwon lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta ware wa agajin gaggawa ba zai riƙe ƙaramin asibitin kuɗi da aka jibge wa mutum ashirin a dare ɗaya ba.