Ma'anar hoton gigapiksel da batun sa ido a kan taron jama'a

Kalmar gigapiksel ma'auni ce ta yawan ɗigon da ke cikin hoto. Duk hoton da kyamarar zamani ta ɗauka an gina shi ne da ƙananan ɗigo masu launi waɗanda ake kira piksel, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon yadda za a iya zuƙo hoton ba tare da ya dushe ba. Piksel miliyan ɗaya shi ne megapiksel, wanda masu sayen waya suka saba jin sunansa, piksel biliyan ɗaya kuma shi ne gigapiksel. Ke nan idan waya tana ɗaukar hoto mai megapiksel 12, sai an jera irin hotonta fiye da 80 kafin a cika gigapiksel ɗaya. Hoton gigapiksel shi ne duk hoton da ya kai wannan adadi ko ya zarce shi, kuma mafi yawan waɗanda ake gani a intanet faffaɗan hotuna ne na birni ko filin wasa ko dandalin taro, waɗanda mai kallo zai fara ganinsu daga nesa, sannan ya yi ta zuƙowa har ya iso kan fuskar mutum ɗaya.

Ba da latsi ɗaya ake ɗaukar irin wannan hoto ba, ɗinke shi ake yi. Mai ɗauka yana ɗora kyamara mai dogon madubin hangen nesa a kan wata na'ura mai juyawa da kanta, ya nuna mata inda filin ya fara da inda ya ƙare, ita kuma ta riƙa juya kyamarar kaɗan-kaɗan tana ɗaukar hotuna sahu-sahu, daga wannan gefe zuwa wancan, daga sama zuwa ƙasa. Kowane hoto yana hawa kan gefen na kusa da shi da gangan, domin a nan ne manhajar kwamfuta take neman alamomin da suka yi daidai, kamar kusurwar taga ko bakin allo, ta haɗa su, ta daidaita haske da launi har ɗinkin ya ɓace. Da yake hoton yana da nauyi sosai wajen saukewa gaba ɗaya, sai a yayyanka shi ƙanana-ƙanana, a riƙa aiko wa mai kallo ɓangaren da yake dubawa kawai, kamar yadda taswirar intanet take aiki. Na'urar da ta sauƙaƙa wannan aiki ga talakan mai hoto ita ce GigaPan, wadda ta fito daga haɗin gwiwar Jami'ar Carnegie Mellon da cibiyar bincike ta Ames ta hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tare da tallafin Google, kuma tushenta shi ne dabarar da motocin bincike Spirit da Opportunity suka yi amfani da ita wajen ɗauko faffaɗan hotunan duniyar Mars.

Hoton da ya sanar da duniya wannan kalma shi ne wanda mai ɗaukar hoto David Bergman ya ɗauka a birnin Washington ranar 20 ga Janairun 2009, lokacin rantsar da Barack Obama. Hotuna 220 ya ɗauka da ƙaramar kyamara ƙirar Canon G10, aka ɗinke su suka zama hoto ɗaya mai megapiksel 1,474. Daga nesa ba abin da ake gani sai ginin majalisa da tekun kawuna cikin sanyi. Da an fara zuƙowa sai kawunan su rabu, a ga mai hula da mai mayafi, a ga mataimakin shugaban ƙasa mai barin gado Dick Cheney zaune a kan keken marasa lafiya, a ga mutanen da ba wanda ya san su, wani ya ɗaga kyamararsa, wani ya juya yana magana da na kusa da shi. Ba a iya raba sha'awar wannan hoto da abin da ke tayar da hankali a cikinsa, domin abu ɗaya ne: mutumin da ya tsaya can baya, yana ganin ya saje da jama'a, ga shi nan fuskarsa a fili.

Akwai wata siffa ta ɗinkakken hoto da ya kamata mai karatu ya riƙe, wato ba hoton lokaci ɗaya ba ne. Ɗaukarsa tana cin mintuna, wani lokaci sa'o'i ko kwanaki, kuma mutane ba sa tsayawa cik suna jiran kyamara. Shi ya sa ake samun mutum ɗaya ya fito sau biyu saboda ya taka daga wannan sahu zuwa wancan, ko a ga kai babu gangar jiki, ko a ga mutum biyu kafaɗa da kafaɗa alhali ɗayansu ya bar wurin kafin ɗayan ya iso. Ga mai kallon nishaɗi wannan ƙaramin aibi ne. Ga wanda yake son ya kafa hujja da hoton kuwa babban lamari ne, domin abin da hoton zai iya tabbatarwa shi ne cewa wane ya kasance a wurin a cikin wancan ɗan lokaci. Ba zai tabbatar da wanda ya tsaya tare da shi ba, balle abin da ya aikata bayan kyamara ta wuce shi.

Bayan 2009 an shiga tseren girma. An ɗauki birnin Landan daga hasumiyar BT a 2012 da hotuna 48,640, aka fitar da hoto mai gigapiksel 320, a 2018 kuma hoton Shanghai mai gigapiksel 195 ya bazu a intanet saboda yadda ake iya ganin fuskokin masu tafiya a kan titi daga saman hasumiya.

Amma girma ba shi ne gundarin damuwar ba. Tun da can mutum yana da wata sutura a cikin taro wadda babu dokar da ta rubuta ta, wato yawan jama'a da kansa. Wanda ya je kallon wasa ko zanga-zanga ko taron addini ko gangamin siyasa ya san ana ganinsa, sai dai ya san cewa masu ganin nasa ba su san shi ba, kuma kafin gobe sun manta da fuskarsa. Da wannan suturar ce ma'aikaci yake halartar gangamin da maigidansa ba ya so, da ita ce matar da ta gudu daga mijin da ke dukanta take fita cikin mutane a wani gari. Hoton gigapiksel yana yaye ta ta hanya biyu: yana ware kowace fuska daga cikin dubbai, sannan yana ajiye ta. Hujjar da ake yawan kawowa, cewa wanda ya fito bainar jama'a ba shi da sauran sirri, ba ta gamsar da ni, domin yarda a gan ka daban, yarda a adana ka yadda kowa zai iya nemo ka bayan shekara goma daban, kuma ba wanda ya tambayi mutanen da ke cikin hoton wannan ta biyun.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne maƙala suna. A bikin waƙoƙi na Glastonbury da ke Ingila a 2010, kamfanin sadarwa na Orange ya ɗauki hoto mai gigapiksel 1.3 na taron mutum kusan 70,000, ya gayyace su su nemo fuskokinsu su maƙala sunayensu ta Facebook, kuma dubbai suka yi hakan cikin murna. Babu mugun nufi a ciki, talla ce da nishaɗi. Sai dai abin da aka samar a ƙarshe rajista ce ta mahalarta taro, fuska da suna, wadda su mahalartan suka cike da hannunsu, kuma wanda ya maƙala sunan abokinsa ya yanke hukunci a madadin abokin.

Shekara ɗaya bayan haka birnin Vancouver na Kanada ya nuna inda wannan hanya take iya kaiwa. Ranar 15 ga Yunin 2011 dubban mutane suka cika tsakiyar birnin domin kallon wasan ƙarshe na kofin Stanley na hokin kan ƙanƙara, aka ɗauke su hoton gigapiksel, aka buɗe shi don maƙala suna. Ƙungiyar garin ta sha kashi a hannun Boston, tarzoma ta ɓarke, aka ƙona motoci aka fasa shaguna. Cikin dare ɗaya hoton tunawa ya zama jerin fuskokin waɗanda suka kasance a wurin da aka yi ɓarna, alhali mafi yawansu kallo suka yi suka koma gida. A kwanakin da suka biyo baya mutane suka shiga zaƙulo masu tarzoma daga hotuna da bidiyon wayoyi suna wallafa sunayensu, har wasu suka rasa ayyukansu kafin kotu ta saurare su. Hukumar inshorar motoci ta lardin British Columbia, wadda take riƙe da hotunan lasisin tuƙi, ta yi wa 'yan sanda tayin amfani da manhajarta ta gane fuska. A Fabrairun 2012 kwamishiniyar kare sirri ta lardin, Elizabeth Denham, ta yanke cewa ba za a yi hakan ba sai da umarnin kotu, domin ba don wannan aiki mutane suka ba da hotunansu ba. A ganina wannan hukunci ya kama bakin zaren, tun da bai hana kama mai laifi ba, alƙali kawai ya sa a tsakani.

A wancan lokaci ana buƙatar mutum ya gane fuska ya rubuta suna. Yanzu manhaja ce take yi. Tun a 2011 masu bincike na Carnegie Mellon ƙarƙashin Alessandro Acquisti suka nuna cewa za a iya ɗaukar hoton ɗalibi a harabar jami'a a gano sunansa ta hanyar gwada shi da hotunan Facebook, kuma sun dace a kusan kashi ɗaya cikin uku. A farkon 2020 aka bankaɗo cewa kamfanin Clearview AI ya kwashi hotuna kimanin biliyan uku daga intanet ya gina rumbun fuskoki da yake sayar wa 'yan sanda, abin da ya jawo masa tarar Yuro miliyan 20 a Italiya da wata irinta a Faransa a 2022. Fuskar da ta fito sarai ita ce abincin irin wannan manhaja, kuma hoton gigapiksel na filin wasa ɗaya yana ɗauke da dubbanta.

Ya kamata a bambance ɗinkakken hoto da kyamarorin da aka ƙera musamman don sa ido, waɗanda suke ɗaukar filin gaba ɗaya a lokaci guda. Irinsu akwai ARGUS-IS da hukumar binciken tsaro ta Amurka, DARPA, ta ɗauki nauyinsa, mai gigapiksel 1.8, wanda aka haɗa da ƙananan idanun kyamara 368 domin jirgi marar matuƙi ya riƙa ɗaukar bidiyon yanki mai girman gari daga sama. Wannan kayan hukuma ne, mai tsada. Ɗinkakken hoto kuwa duk mai kyamara da haƙuri da wuri mai tsayi zai iya yin sa, shi ya sa sa idon da yake kawowa bai taƙaita ga gwamnati ba, ya haɗa da kamfani da ɗan leƙen asirin jama'a da mai bibiyar wadda ta ƙi shi.

Doka tana tafe a baya, amma ta fara motsi. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta sa bayanan fuska da ake amfani da su don tantance mutum cikin rukuni mai kariya ta musamman, dokar Tarayyar kan ƙirƙirarriyar basira ta 2024 kuma ta haramta kwasar fuskoki barkatai daga intanet don gina rumbun gane fuska. Magani na fasaha ma yana nan, tun da Google ya fara dusar da fuskoki a hotunan tituna na taswirarsa tun 2008, kuma ba abin da zai hana mai shirya taro ya dusar da kowace fuska sai wadda mai ita ya nemi a buɗe, ya kuma sanar da mahalarta tun a ƙofa. Matsalar da ba ta da sauƙin magani ita ce ta hotunan da aka riga aka saki. Hoto a intanet kamar magana yake, zarar bunu ce, kuma fuskokin da aka ɗauka a Washington a 2009 da Vancouver a 2011, lokacin da manhajar gane fuska take da rauni, duk wanda ya adana su yana iya gwada su yau da manhajar da masu su ba su taɓa tunanin za a ƙera ba.