Baƙin kaka a fadamun Haɗejiya da Nguru: daga ina maganar ta taso?

Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba akwai wani canjin baƙi da ake yi a sararin samaniyar arewa wanda yawancinmu ba ma lura da shi, muna can muna fama da yankan gero da roron wake. Shamuwa da ta zo da ruwan fari ta yi sheƙa kan tsamiya a tsakiyar gari ta ƙyanƙyashe, sai ta tattara 'ya'yanta ta yi kudu, har gabashi da kudancin Afirka take kaiwa. Tana tafiya kuma wasu na isowa daga Turai da yammacin Asiya, sun gudo wa sanyi sun ƙetaro Bahar Rum da hamadar Sahara, kuma koren wuri na farko mai ruwa da suke tararwa bayan yashin nan shi ne irin fadamunmu, tafkin Chadi, fadamun kogin Kwara a Mali, sai namu na Haɗejiya da Nguru inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suke bazuwa kafin su haɗe su zama kogin Yobe. Masu bincike sun ƙiyasta ƙananan tsuntsaye kaɗai da ke wannan tafiya duk kaka sun kai wajen biliyan biyu.

Toh su kansu Turawan fa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa ba in sanyi ya shigo, har akwai masu cewa wai tsattsewa nutsewa take cikin laka a ƙarƙashin tafki ta yi barci sai bazara. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da wani gari Klütz a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta, wato wani maharbi a nan ya jefe ta bai kashe ta ba ta tashi da mashin ta koma gida da shi, har yau tana nan a ajiye a jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Denmak, Mortensen, ya fara ɗaura wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, kuma wannan zoben ne har gobe yaran da ke ɗana tarko a bakin fadama kan tsinta. Ɗan siriri ne mara nauyi, an zana lamba da sunan wani gari ko gidan tarihi a jiki da ƙananan baƙaƙe, sai ka kanne ido kafin ka karanta, wani ya ɗauka laya ce wani ya sa a yatsa.

Abin da ya sa suka juyo da hankalinsu kan yankinmu sosai shi ne fari. A bazarar 1969 masu ƙirga a Ingila suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani a kowane shinge ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a shekara ɗaya tak, aka yi ta neman dalili a gonakinsu ba a samu ba, daga baya aka gano ruwa ne bai sauka ba a Sahel inda yake cin rani. Wato farin da ya zo ya kashe mana shanu ya tada ƙauyuka a farkon shekarun 1970, tsuntsun nan ya riga kowa kai labarinsa Turai.

Ana cikin wannan fari ne kuma aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka faro zamanin Audu Bako, don noman rani a su Kadawa da Kura da kuma ruwan sha na birnin Kano. Ba wanda zai ce ba ta yi amfani ba, duk mai cin tumatirin Kura da shinkafarta ya sani. Amma ruwan da aka tare a sama shi ne dai ruwan da a da yake malalowa a Agusta da Satumba ya mamaye fadamun ƙasa, ya kawo kifi, ya jiƙa gonar shinkafa, in ya janye a shuka wake da alkama a danshinsa, Fulani su sauko da shanu da rani, rijiyoyi su cika. A ƙarshen shekarun 1960 ambaliyar kan rufe sama da murabba'in kilomita 2,000, a shekarun 1980 da farkon 1990 kuwa sau da yawa ko 1,000 ba ta kaiwa. Sai aka ƙara da madatsar Challawa a 1992 a wajen Ƙaraye. Ta Kafin Zaki a kan kogin Jama'are ita ce aka fara aka tsaya aka sake tadawa aka sake tsayawa, Bauchi na so, Yobe da Borno na cewa in aka toshe wannan kuma sai dai su sha ƙura, sabida Jama'are ne kogin da ya rage ba a ɗaure shi ba.

A tsakiyar wannan ne aka kafa shirin kare fadamun Haɗejiya da Nguru a 1987, gidauniyar kare muhalli ta Najeriya NCF da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya RSPB na cikin waɗanda suka faro shi, ofishinsa a Nguru. Gaskiyar magana da farko tsuntsayensu suka biyo. A 1989 Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ta wancan zamani ya zo har Dagona a ƙasar Bade, lokacin yana shugaban ƙungiyar kare namun daji ta duniya WWF, lokacin ma ba a ƙirƙiri jihar Yobe ba wurin yana cikin tsohuwar Borno, kuma daga baya Dagona ta shiga cikin gandun dajin ƙasa na yankin tafkin Chadi da aka kafa a 1991. Amma ba su daɗe ba suka gane ba yadda za ka ce wa masuncin da komarsa ta fito wayam ya tausaya wa agwagwar Turai, dole aikin ya karkata zuwa auna ruwa da lissafin abin da fadama ke samarwa. Lissafin da masana tattalin arziki suka yi a shekarun 1990 ya nuna in ka haɗa noma da kifi da itacen wuta, ruwan da aka bari ya isa fadama ya fi kawo riba nesa ba kusa ba a kan wanda aka karkatar zuwa manyan filayen noman rani na sama. Ni a ganina wannan ne abu mafi muhimmanci da zuwan masu kallon tsuntsaye ya haifar a yankin, ya fi duk wani allon sanarwa da aka kafa, sai dai an karanta an ajiye.

Ƙirgar da ake yi duk watan Janairu ita ma ta nuna hakan ƙarara, shekarar da ruwa ya bazu tsuntsaye su cika, shekarar da bai bazu ba su wuce wani wuri. A 1997 an ƙirga tsuntsayen ruwa sama da 300,000, kuma nau'in da aka taɓa rubutawa a yankin sun haura 370. Cikin baƙin akwai ƙaramar agwagwar nan da namijinta ke da farin layi saman ido, da mai doguwar wutsiya kamar tsinke, da masu dogayen ƙafafu da ke sauka dubbai a gonar shinkafa bayan girbi suna tsintar abin da ya zube. Suna cakuɗe da 'yan gida, kirinjijiya mai fito da dare, ɗinya, zalɓe, balbela. A shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa a jerin Ramsar na fadamun duniya, Dagona da Baturiya suka biyo a 2008.

Sai kuma kachala. Duk wanda ya bi hanyar Haɗejiya zuwa Nguru ya ganta, doguwar ciyawa ta fi mutum tsayi, da kai mai ruwan ƙasa kamar zangarniyar gero, ta tsaya cunkus ko kare ba zai ratsa ba. Asalinta ita ma daga madatsun ne, domin da can kogi kan cika ya kuma bushe ƙurmus da rani, bushewar nan ke kashe ta, da aka koma sakin ruwa kaɗan kaɗan duk shekara sai ta samu gindin zama, laka ta taru, hanyoyin ruwa suka toshe, ruwa ya karkata ya yi ta kwanciya a ɓangaren Marma da Nguru yana cinye gonaki alhali wasu garuruwan na ƙasa ba su ganinsa. Za ka ga maza a cikin ruwa har ƙirji da lauje da adda suna aikin gayya don buɗe wa kwalekwale hanya, kafin shekara ta zagayo ta sake rufewa. Kuma cikinta ne jan-baki ke kwana, tsuntsun da in ya sauka a gonar gero ko shinkafa sai dai mai gona ya yi salati. Shi jan-baki ɗan Afirka ne ba baƙon Turai ba, manomi ma ya san bambancin, amma ka zo da madubin hangen nesa kana yabon tsuntsu a garin da yara suka wuni suna kaɗa gwangwani a gona, ai dole a yi maka kallon wanda bai da aikin yi.

Murar tsuntsaye da ta ɓulla a wata gonar kaji a Jaji a farkon 2006, karo na farko a Afirka, ta ƙara ɓata wa baƙin suna, aka yi ta nuna su da yatsa duk da cinikin kaji shi ma babbar hanya ce ta yaɗuwarta. Bayan nan rikicin Boko Haram ya sa baƙi masu zuwa kallo daga waje suka ɗauke ƙafa daga Yobe, kuɗin tallafi ma ya ja baya. Ga kuma farauta, wata ungulu da aka ɗaura wa na'urar bin sawu a Girka ta ƙetare hamada lafiya lau, aka kashe ta a Nijar a 2014 don kasuwar masu magani, na'urar ta ƙare a wannan ɓangaren iyaka.

Abin da ya canja a 'yan shekarun nan shi ne masu riƙe da madubin yanzu namu ne. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda aka kafa a 2001 tare da jami'ar Jos, ta yaye ɗalibai da yawa, kuma daga can aka faro aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, an yanka ƙasar gida gida kowanne wajen kilomita tara tsawo da faɗi, kai dai ka shiga gida ɗaya da wayarka ka rubuta duk abin da ka gani a manhajar BirdLasser ka tura. Da haka ƙungiyoyin matasa suka taso a jami'o'i da garuruwan arewa, ana fita da sassafe ranar Asabar, musamman ta biyu a Oktoba da aka ware wa tsuntsaye masu ƙaura. Wani lokacin madubi ɗaya mutum biyar ke karɓa karɓa, kuma sau tari masuncin da ke tuƙa su ya riga su gane tsuntsun tun daga kukansa, sunan littafi ne kawai bai sani ba, abin takaicin shi ne sunayen da shi ya sani na Hausa da Badanci da Barbarci ba kasafai ake rubuta su ba.

A 2020 UNESCO ta sa yankin Haɗejiya da Nguru da Bade cikin wuraren da take karewa, a shekarar kuma gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma har da na fadamar Haɗejiya a Baturiya. Takardu dai sun yi yawa masha Allah. Amma yawan tsuntsun da za a ƙirga a Janairu mai zuwa yana hannun wanda ke buɗe ƙofar Tiga da Challawa da lokacin da ya buɗe, da ko an yashe hanyoyin da kachala ta toshe, kuma ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa ta nuna sakin ruwan ma in ba tsari wata masifar ce, ita kuwa Kafin Zaki duk lokacin zaɓe sai an sake ɗaga maganarta.