Bitrut da sauran kayan lambun da ake shukawa daga iri a Accra

Bitrut, wanda masana tsirrai ke kira Beta vulgaris, kayan lambu ne da ake cin saiwarsa mai kumburi, ana kuma cin ganyensa. Dangin alayyahu ne, asalinsa kuwa wani tsiron daji ne da ke fitowa a gaɓar Bahar Rum da yammacin Turai. Daga tsatsonsa aka fitar da wanda ake nomawa don ganye kaɗai, da na ciyar da dabbobi, da kuma farin da ake tatsar sukari daga jikinsa, wanda Bajamushe Andreas Marggraf ya tabbatar da sukarinsa a 1747.

Ire-irensa

Wanda aka fi sani shi ne Detroit Dark Red, irin Amurka da aka fitar a 1892, ja jawur, kewayayye. Chioggia ɗan Italiya ne. Idan aka yanka shi a gicciye sai a ga zobe ja, zobe fari, amma dahuwa na dusashe wannan ado. Cylindra dogo ne, shi ya sa yankansa ke fitowa daidai wa daida. Akwai kuma mai ruwan ɗorawa, wanda ba ya rina hannu ko tukunya. Galibinsu na isa cira cikin kwana 55 zuwa 70.

Shuka

Abin da ake sayarwa a matsayin ƙwayar bitrut, a gaskiya busasshen ƙunshi ne mai kaushi, da 'ya'ya biyu zuwa biyar a ciki. Don haka rami ɗaya kan fito da tsiro da yawa, dole a rage su tun suna ƙanana, a bar tazarar kamar santimita 10. Wanda ya ji tausayin cirewa, ganye zai girba, saiwa kuwa ta tsaya kamar ɗan yatsa. An fi shuka shi kai tsaye a kwami mai sassauƙar ƙasa, kamar yadda ake yi wa karas, domin dashe na iya lanƙwasa saiwar. Shuka ce mai son sanyi, zafin Accra kuwa ba ya sassautawa sosai, shi ya sa yake buƙatar ban ruwa a kai a kai da rufe ƙasa da ciyawa. Idan ya sha ƙishi, saiwar kan yi tauri.

A lambunan Accra

A unguwannin Dzorwulu da Roman Ridge da kewayen Korle Bu akwai lambuna a filayen da ba a gina ba, wasu ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Da yawan manoman 'yan arewacin Ghana ne da maƙwabtan ƙasashe, kuma Hausa na cikin harsunan cinikinsu. Latas da kabeji da albasa mai lawashi da kokwamba da koren tattasai su suka mamaye wurin. Bitrut kaɗan ake yi, saboda masu sayensa sun fi yawa a otal-otal da manyan kantuna. Ana ban ruwa da gwangwanin yayyafi, sau da yawa daga magudanun birni, kuma wannan ne ya sa wanke duk abin da za a ci ɗanye ya zama wajibi.

Inda kayan lambun suka rabu gida biyu shi ne wajen iri. Ayoyo (wato lalo) da alayyahu da kuɓewa da yalo, manomi kan bar 'yan gindi su ƙosa, ya shanya irin, ya adana a kwalba ko ƙullin tsumma. Bitrut da karas da kabeji kuwa sai a shekararsu ta biyu suke fure, bayan sun sha sanyi mai tsawo, abin da babu shi a bakin tekun Ghana. Ke nan duk shuka sai an koma shagon kayan noma an sayi irin da aka shigo da shi daga waje, kamar kabejin Oxylus ko karas ɗin Kuroda, farashinsa kuma yana bin tashin dala. Wannan nauyi ne na gaske a wuyan mai 'yan kwami kaɗan, musamman da yake zafi da laima na kashe iri da wuri idan an buɗe gwangwani. Manomin da ya san aikinsa kan jiƙa ƙwaya goma a tsumma ya ga nawa za su tsira kafin ya zuba sauran a ƙasa.