Jack Kilby: tambayoyi kan mutumin da ya fara ƙera IC

Wane ne Jack Kilby, kuma me ya haɗa shi da wayar da ke aljihunmu?

Duk wanda ya taɓa kai waya gyara ya ji mai gyara yana cewa "IC ɗin caji ne ya ƙone." IC (integrated circuit) ƙwaya ce guda da ta haɗa kayan lantarki da yawa a jikinta. Wannan ɗan baƙin abu mai ƙafafu, wanda ke cikin waya da kwamfuta da mota da katin banki, Jack Kilby ne ya fara nuna wa duniya cewa zai yi aiki. Injiniyan lantarki ne Ba'amurke. An haife shi ranar 8 ga Nuwamba 1923 a jihar Missouri, ya tashi a garin Great Bend na jihar Kansas, ya rasu a Dallas ranar 20 ga Yuni 2005 yana da shekara 81. Dogo ne sosai, ya kusa mita biyu, ga shi ba mai yawan magana ba.

Tun yana yaro aka ga alamar zai yi fice?

Ba yadda ake zato ba. Mahaifinsa na shugabantar wani ƙaramin kamfanin wutar lantarki a Kansas. Wata shekara ƙanƙara ta karya turakun wuta da na tarho, sai uban ya koma amfani da rediyon masu sha'awar sadarwa don jin halin da abokan cinikinsa ke ciki. Abin da ya ja hankalin yaron zuwa lantarki ke nan. Amma da ya zauna jarrabawar shiga jami'ar MIT, maki 497 ya samu, alhali 500 ake nema. Jami'ar Illinois ya tafi, yaƙin duniya na biyu ya katse masa karatu, ya yi aikin soja yana gyaran rediyo a yankin Indiya da Bama, sannan ya kammala digiri a 1947.

Wace matsala ce ya warware?

A shekarun 1950 an riga an sami transista, ɗan abin da ke kunna wuta, ya kashe ta ko ya ƙara mata ƙarfi, kuma injiniyoyi sun iya zana na'urori masu ƙarfi a takarda. Haɗa su ne ya gagara. Kowace na'ura tana buƙatar dubban ƙananan kaya, transista da razista (mai rage gudun wuta) da kafasita (mai tara caji), kowanne an yi shi daban, da sinadari daban, sannan ma'aikata su zauna su liƙa su da dalma ɗaya bayan ɗaya. Mahaɗa ɗaya ta saki, aiki ya tsaya. Na'ura na ƙara girma, wuraren da za ta lalace na ƙara yawa, kuɗinta na hawa.

Kilby ya fara aiki a kamfanin Texas Instruments a watan Mayu 1958, bayan kusan shekara goma sha ɗaya a kamfanin Centralab da ke Milwaukee. Da Yuli ta zo, ma'aikata suka tafi hutun shekara, shi kuwa sabon zuwa ne, bai cancanci hutu ba. Ya zauna kusan shi kaɗai a ɗakin gwaji. Tunanin da ya rubuta a littafinsa ranar 24 ga Yuli mai sauƙin faɗa ne: tunda ana yin transista da sinadari irin silikon ko jamaniyam, me zai hana a yi razista da kafasita da shi, duka a jikin ƙwaya ɗaya? Ba za su kai na asali kyau ba, amma za su wadatar, kuma ba sai an ɗauko su daga wurare daban-daban an harhaɗa ba. Kamar turmi ne: masassaƙi ba ya haɗa shi da ƙusa, daga gungume ɗaya yake fitar da baki da ciki da gindi.

Ranar 12 ga Satumba 1958 ya nuna wa shugabanninsa ɗan sirintaccen jamaniyam, tsawonsa wajen milimita 11, manne a gilashi, da siraran wayoyin zinariya sun fito daga jikinsa barkatai. Ba shi da kyan gani ko kaɗan. Ya kunna wuta, sai layi mai lanƙwasa ya fara gudu a allon na'urar awo, alamar abin yana aiki.

To me ya sa wasu ke cewa Robert Noyce ne ya ƙirƙiro shi?

Domin su ma suna da hujja. Watanni kaɗan bayan Kilby, Noyce na kamfanin Fairchild ya zo da nasa tsarin a kan silikon, inda ake shimfiɗa hanyoyin wutar a jikin ƙwayar maimakon wayoyin da ake liƙawa da hannu. Tsarin Noyce ne ya fi dacewa da masana'anta, kuma shi aka bi. Kamfanonin biyu sun daɗe a kotu kan takardar mallakar fasaha, har suka sasanta a 1966. Yau ana lissafa su biyun a matsayin waɗanda suka ƙirƙiro shi. Noyce ya rasu a 1990, kuma ba a ba mamaci kyautar Nobel, don haka da aka ba Kilby rabin kyautar fisiks a 2000, ya fito fili ya ce da Noyce na raye da tare za su karɓa. A ganina wannan ya fi kyautar kanta nuna halin mutumin.

Bayan wannan ya sake yin wani abu?

Ya yi. Da farko sojoji ne kusan kaɗai ke sayen IC saboda tsada. Don a nuna yana da amfani ga kowa, Kilby da abokan aikinsa Jerry Merryman da James Van Tassel suka ƙera na'urar lissafi ta hannu a 1967. Takardun mallakar fasaha sama da 60 ke ɗauke da sunansa. A 1970 ya ɗauki hutu ya koma ƙirƙira don kansa, ya shafe shekaru kan samar da wuta daga hasken rana, aikin da bai kai kasuwa ba.

Ina batun koyarwa, da aikin katako, da iyali?

Daga 1978 zuwa 1984 farfesa ne a sashen injiniyan lantarki na Jami'ar Texas A&M. Bai ɗauki kansa masanin da ke binciken sirrin halitta ba. Injiniya yake kiran kansa, mai warware matsala, kuma a wurinsa maganin da ya yi tsada har ba mai iya saye bai zama magani ba tukuna. A gida kuwa aikin katako da ɗaukar hoto ne abin shaƙatawarsa, wanda bai zo da mamaki ba ga mutumin da ya saba tambayar abin da za a iya fitarwa daga kayan da ke hannu. Matarsa ta riga shi rasuwa a 1981. Ya bar 'ya'ya mata biyu da jikoki biyar, su ma duk mata.

Shi da kansa yaya yake kallon abin da ya yi?

Ba ya yarda a jingina masa dukan abin da ya biyo baya. Da aka tambaye shi me ya yi bayan ya ji labarin Nobel, cewa ya yi ya haɗa kofi. A jawabinsa na karɓar kyautar ya kawo labarin wata dabbar ruwa da ke datse rafi da rassan itace, tana tsaye da zomo suna kallon katafariyar madatsar ruwa ta Hoover. Ta ce wa zomon ba ita ta gina ba, amma dai daga dabararta aka samo. Ƙwayar da ya nuna a 1958 transista ɗaya ce a cikinta. Ta babbar waya a yau tana ɗauke da biliyoyi, kuma Kilby ya sha nanata cewa aikin dubban injiniyoyi ne ya kai ta nan.