Alfred J. Kwak: Katun ɗin Haɗin Gwiwar Holan da Japan

Alfred J. Kwak jerin fim ne na katun mai kashi 52, wanda tashar TV Tokyo ta Japan ta fara nunawa daga Afrilun 1989 zuwa Maris na 1990. Kusan duk 'yan wasan cikinsa dabbobi ne, jarumin kuma toron agwagwa. An haɗa hannu wajen shirya shi tsakanin Holan da Jamus da Japan, yana kuma cikin fitattun ayyukan da salon Holan ya gauraya da na Japan.

Asali

Mawaƙin Holan Herman van Veen ne ya ƙirƙiri Alfred a shekarun 1970, a matsayin wasan dandamali mai kiɗa da waƙa don yara. Daga baya masu zane biyu 'yan Jamus, Harald Siepermann da Hans Bacher, suka fitar da kamanninsa. Furodusa Dennis Livson, ɗan ƙasar Finland, shi ya kai aikin Japan ta hannun kamfanonin Telecable Benelux da Telescreen Japan, inda Hiroshi Saito ya ba da umarni. Tashoshin VARA ta Holan da ZDF ta Jamus na cikin waɗanda suka sa hannu. Kafin nan, a 1987, kamfanin Telecable Benelux ya riga ya mayar da Boes, wani zanen barkwanci na jaridun Holan kan wani bijimi manomi, zuwa katun a Japan.

Yadda salon biyu suka haɗu

Ƙasar da labarin ke gudana, Groot-Waterland, Holan ce sak: magudanan ruwa, da injinan niƙa masu aiki da iska, da shimfiɗaɗɗen fili ba tudu. Alfred ma cikin takalmin katako aka ƙyanƙyashe shi, da ya girma kuma ya zauna a gida mai siffar takalmin. Abin da Japan ta kawo shi ne tafiyar labarin. Masu katun na can sun saba da labari mai dogon zango, wannan kashi ya ɗora kan wancan, jarumi yana girma a idon mai kallo, kuma ba sa jin tsoron barin yaro ya ga baƙin ciki. Tun a farkon jerin mota ta take iyayen Alfred da 'yan'uwansa duka. Henk, wata 'yar dabba mai haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa, aminin mahaifinsa, shi ya riƙe marayan. Ba a dawo da mamatan ba, ba a kuma rufe abin da wasa ba, kuma nan ne ƙarfin fim ɗin yake.

Dolf

Babu inda jerin ya fi nauyi kamar wajen Dolf, abokin karatun Alfred. Ubansa hankaka ne, amma uwarsa wata irin tsuntsuwa ce daban, don haka bakinsa ya fito rawaya. Kunyar asalinsa ta sa yake shafa masa baƙin fenti don ya saje da hankaki. Wannan yaro ne ya girma ya kafa jam'iyyar hankaki zalla, ya kifar da sarki, ya naɗa kansa sarkin sarakuna. A Holan, ƙasar da sojojin Hitler suka mamaye daga 1940 zuwa 1945, babu babban da ya kalla bai gane da wa ake ba. Yaro kuwa ya ga yadda ƙiyayya ke tsirowa daga mai ƙin kansa.

Haka nan an taɓo wariyar launin fata. Winnie, budurwar Alfred, baƙar agwagwa ce da iyalinta suka gudo daga Atrique, inda fararen dinya ke danne baƙaƙen agwagi. An nuna wannan ne tun mulkin wariya a Afirka ta Kudu bai kau ba.

Bayan kammala jerin, Livson da Saito sun ci gaba da aiki tare a kan katun ɗin Moomin na 1990, wanda aka ɗauko daga littattafan Finland.