Waiwaye: yadda maganar jin zafin kifi ta iso har bahon tarwada

Shekaranjiya da daddare na raka wani abokina wajen gashin kifi nan cikin Jos, irin wanda za ka nuna tarwadar da kake so tana yawo cikin baho a cafko maka, poyin-an-kil ɗin nan dai. Yaron ya jefa ta a buhu ya watsa mata gishiri ya ɗaure bakin, ya koma yankan albasarsa, ita kuma tana ta mutsu-mutsu har muka gaji da kallo. Na ce ƙanena ba za ka buge mata kai ba tukuna? Sai yai dariya ya ce, yallaɓai ai kifi ba a yanka shi, gishirin ne ke cire yauƙin.

To wannan "ba a yanka shi" ɗin nan ne tushen zancen a wajenmu. Tun muna makarantar allo muka san an halatta mana mushe biyu, kifi da fara, kuma hadisin teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa halal ne. Hukuncin ci ke nan. Amma a hankali mutane suka ɗora masa wani abu da ba shi a ciki, wato tunda ba a yanka shi to ba ya jin komai, duk yadda ya mutu daidai ne. Alhali hadisin Shaddad ɗan Aus da ke cikin Muslim cewa yai Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za ku kashe ku kyautata kisa, idan za ku yanka ku wasa wuƙa ku hutar da abin yankan. A kan komai fa aka ce.

Kuma da can ba mu cika ganin mutuwar tasa ba. Kifin da iyayenmu suka ci a Jos yawanci banda ne daga Baga da bakin Tafkin Chadi, ya iso baƙi ƙirin a kwali, daga baya ga na ƙanƙara daga teku. Masunci kaɗai ke ganin lokacin da yake shure-shure a cikin kwale-kwale. Gonar kifi ta Panyam da ke Mangu tun 1951 Turawa suka kafa ta, amma kiwon bai zama na kowa da kowa ba sai bayan shekarar 2000 da tarwada ta cika bayan gidaje a tankin siminti da na roba, har Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen kiwon tarwadar Afirka. Daga nan ne kisan ya dawo gaban idon mai ci, ana kawo ta da rai cikin jarka da aka fafe wa baki, a cunkushe, daga gona zuwa kasuwa.

Su ma Turawan ba wai tun asali suka damu ba. A 2002 wani masani a Amurka, James Rose na jami'ar Wyoming, ya rubuta cewa kifi ba shi da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ɗan Adam ke jin zafi da shi, don haka fizge-fizgen da yake a ƙugiya motsin jiki ne kawai. Masu kamun kifi na nishaɗi suka ji daɗin wannan magana sosai. Shekara ɗaya bayan nan, 2003, sai Lynne Sneddon da abokan aikinta a cibiyar Roslin ta Sikotland suka gano jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ciwo a fuska da leɓen wani kifin ruwan sanyi, suka yi wa wasu allurar dafin ƙudan zuma wasu kuma asid a leɓe, sai kifayen suka daɗe ba su ci abinci ba, numfashinsu ya ƙaru, masu asid ɗin har suna goga leɓe a tsakuwar ƙasan tanki kamar mai ciwon haƙori. Da aka ba su mofin, maganin kashe zafi, sai abin ya lafa. Ni dai nan ne hujjar ta kama ni, don in motsin jiki ne kawai me ya haɗa shi da maganin kashe zafi?

Musun bai ƙare ba har yau, amma dokoki sun fara bin ɓangare guda. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da ke Faris ta fara saka walwalar kifin kiwo a ƙa'idojinta tun 2008, daga baya ta ƙara da yadda za a sumar da shi kafin kisa, ko da bugu a ka ko da lantarki. Ƙasar Nowe, uwar kiwon kifin salmon, ta hana sumar da shi da iskar kabon. Birtaniya a dokarta ta 2022 ta lissafa kifi cikin masu jin zafi, har da ƙaguwa. Duk da haka har gobe da tan ake ƙirga kifi a duniya ba da kai ba, saniya ce ake cewa guda nawa.

Tarwada kuwa taurin ranta ne ya zame mata masifa. Tana da wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa karfasa kan mutu da wuri in an fito da ita ruwa, ita ko sai ta yi awanni tana numfashi a ƙasa, gishiri na cin fatarta da ba ta da ɓawo. Ga ƙoƙon kanta kamar dutse, bugun wasa ba ya sumar da ita, har a jami'ar Wageningen ta Holan sai da aka zauna aka yi bincike kan yadda za a sumar da ita da lantarki. Mu nan ba wanda zai sai wannan injin a wajen gashi, wutar ma ina take, amma guntun taɓarya ai ba ta gagari kowa ba.

Yaron dai da na matsa masa ya kwance buhun ya ɗauko wani katako ya ba ta biyu masu kyau a tsakiyar ka, ta miƙe ɗif, sannan ya goge yauƙin da toka. Abokina ya ce wallahi ka cika fi'ili, yanzu a kifin ma sai ka kawo mana boko. Tarwadar mutumin da ke bayanmu kuwa buhu aka sake jefa ta.