Waiwaye: Daga Gwauron Tambari zuwa sifikar DJ a Katsina

A bikin ɗiyar yayana da aka yi a Ƙofar Marusa bayan ƙaramar Sallah, lefe bai jawo gardama ba, sadaki ma haka. Kan kiɗa aka yi ta. Ƙawayen amarya sun riga sun ba wani DJ kafin alƙalami saboda ranar kamu. Gwaggonmu, wadda ta haura saba'in, ta ce in ba a kira mata masu ƙwarya ranar wuni ba, to a yi bikin ba da ita ba. Baffa kuwa da labari ya kai masa, sai ya leƙo daga zaure ya ce, "Yaya, ni a gidan nan kada in ji ko tafi. A yi walima, malama ta yi wa'azi, a watse."

Gwaggo ko ɗaga kai ba ta yi daga tsintar shinkafar da take yi ba. "Malam, ranar da aka kawo uwar ɗiyanka gidan nan, mi aka kaɗa? Ko ka manta ni na riƙe maka fitila kana yi wa mai kalangu liƙi?"

Aka yi dariya, Baffa ya koma zaure. Sai dai wannan ja-in-ja ta mutum uku ta girmi dukkansu, ta girmi gidan ma. Wanda yake son ya gane ta sai ya koma lokacin da kiɗa a ƙasar Katsina yake da masu shi, kamar yadda gona take da mai ita.

A da, in ka ji sauti daga nesa ka san na wane ne tun kafin ka ga mai kaɗawa. Dundufa ta maƙera ce, babbar garaya ta maharba, gangar noma ta 'yan gayya. Kalangu kuwa na mahauta ne. Ranar da aka kayar da sa mai kitse, mai kalangu ne ke sanar da gari, mahauta su sallame shi da tsoka. Ƙirarsa kamar turmi biyu aka haɗa ta gindi, fata a kowane baki, tsarkiya ta ɗaure su. Mai kiɗa ya saƙale shi a hammata, in ya matse murya ta hau, in ya saki ta sauka. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kalangu magana yake yi, kuma mutanen da suka tashi da shi suna jin abin da yake faɗi. Shi ya sa kowane ɗan dambe yake da takensa. Yana zaune cikin mutane ana hira, da an kaɗa taken sai tsikar jikinsa ta tashi, ya fara tsuma, ya faɗa fili yana kirari, alhali ba wanda ya ambaci sunansa da baki.

Mata ma da nasu, kuma nasu ya fi yawa, don kusan duk aikin gida da waƙarsa. Mai niƙa a kan dutse kafin asuba tana rera abin da ba za ta iya faɗa wa uwar miji ido da ido ba. Masu daka su uku a turmi ɗaya suna lugude, wannan ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Ranar daɓen ɗaki, maƙwabta su taru da madaɓai, bugu ɗaya amshi ɗaya. 'Yanmata suna da shantu a ɗakin amarya da gaɗa a dandali in farin wata ya fito. Ba wanda ya kira waɗannan mata mawaƙa, su ma ba su kira kansu haka ba. Aiki suke yi.

A saman duk wannan akwai kiɗan fada. Tambari da kakaki na sarki ne shi kaɗai, attajiri komai dukiyarsa ba a busa masa kakaki. Cikin kayan sarautar Katsina da ake gado, tare da takobin nan Gajere da ake dangantawa da Muhammadu Korau, akwai Gwauron Tambari, wanda ake bugawa wajen naɗin sarki. Ga kiɗan daren Juma'a a ƙofar fada, ga algaita da farai da jauje ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro. A Daura ma haka abin yake, musamman a Sallar Gani cikin watan Rabi'ul Awwal, lokacin da hakimai ke shigowa gari kowa da makaɗansa a gaba.

Jihadi na 1804 ya kafa wa kiɗa tambaya a rubuce. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa shagaltuwa da kaɗe-kaɗe dare da rana cikin halayen sarakunan Haɓe da yake suka, ya bar ƙofa ga gangar da ake bugawa don tara runduna ko sanarwa. Amma shi kansa da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da jama'a, cikin Fulatanci da Hausa, don sun san abin da aka rera ya fi zama a ka. Bayan Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina, tsofaffin sarakuna suka yi arewa har suka kafa Maraɗi, amma tambari bai bar fada ba. Ya yi wa Dallazawa aiki, da sarauta ta koma gidan Muhammadu Dikko a 1906 ya ci gaba da yi wa Sulluɓawa. Tun daga nan aka zauna a kan wani irin sulhu da ba a rubuta ba: malam ya yi wa'azi a kan kiɗa, sarki ya saurara da ladabi, ranar Sallah a busa kakaki.

Wanda ya biya kuɗin wannan sulhu shi ne makaɗi. Sunansa maroƙi. A ba shi riga, a ba shi doki, a ji tsoron zambonsa, amma in ya aiko neman auren ɗiyar gida sai a ce a je za a yi shawara. Sana'ar ta zama ta gado, ɗan makaɗi ya auri ɗiyar makaɗi.

Wannan katanga ce Mamman Shata ya tsallaka ta baya. An haife shi a Musawa a 1923, ba a gidan kiɗa ba. Mahaifinsa Bafulatani ne, kuma bai so ɗansa ya shiga waƙa ba, don a wurinsa roƙo ce. Shata ya taɓa tallan goro da alewa kafin waƙa ta rinjaye shi. Abin da ya yi wa kalangu shi ne babban labari a nan. Ya ɗauko kiɗan mahauta da na dandalin samari ya kai shi gaban sarakuna da attajirai da hafsoshin soja da direbobin manyan motoci. Bai zama makaɗin fadar kowa ba, duk wanda ya yi masa alheri ya samu waƙa, wanda ya saɓa masa kuma ya ji a jikinsa. A waƙarsa ta Bakandamiya kansa ya wasa, abin da makaɗin fada ba zai yi a gaban ubangidansa ba. Malamai sun yi ta sukar sa kan wasu waƙoƙinsa, shi kuma bai fasa yabon Annabi a wasu ba, jama'a suka haddace duka biyun. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Da ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, Daura aka kai shi aka binne, garin Sarki Muhammadu Bashar wanda ya daɗe yana waƙe. Yaron da ubansa ya ji kunyar sana'arsa, sarki ne ya tsaya a kan jana'izarsa.

Shata bai yi wannan shi kaɗai ba, rediyo ta taya shi. Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, waƙa ta rabu da wurin da aka yi ta. A da wanda yake son jin Sarkin Taushin Katsina yana wasa Sarki Usman Nagogo sai ya je fada ya tsaya daga nesa. Yanzu ga shi a akwati a rumfar mai shayi a Jibiya, ana ji ana kurɓa. Shirin Zaɓi Sonka ya sa talaka ya aika wa budurwarsa waƙar da aka yi wa hakimi. Gwamnati ma ta gane amfanin abin, ta riƙa kiran mawaƙa su faɗakar kan noma da karatu, da ƙarfafa wa soja gwiwa a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Kaset ya zo ya ƙarasa aikin. A ganina tun daga nan kiɗa ya fara rasa masu shi, tun kafin a haifi uban DJ.

A ɓangaren mata, Barmani Choge ta Funtuwa ta yi irin wannan tsallake. Amada kiɗan cikin gida ne, na suna da biki, inda namiji ba ya shiga. A cika babbar ƙwarya ko baho da ruwa, a kife ƙarama a kai ta yi iyo, a buga ta da 'yan sanduna ta ba da murya mai zurfi, sauran ƙoren a kife a ƙasa suna amsa mata. Barmani ta fito da shi fili, zuwa dandamali da talabijin, tana gaya wa mata su kama sana'a, tana yi wa kishiya da raguwar mace shaguɓe da bakin da ya sa maza da yawa sunkuyar da kai. Ta rasu a 2013. Ita Gwaggo ke nufi in ta ce masu ƙwarya, ko da yake waɗanda ake samu yanzu 'yan koyi ne.

In ana lissafin abin da ya kashe kiɗan gargajiya, an fi ɗora laifi kan wa'azi ko kan fim. Ni ina ganin an manta da inji. Injin niƙa ne ya kashe waƙar niƙa, ba malami ba. Siminti ya kashe daɓe. Maganin feshi da garmar shanu da kwadagon kuɗi sun rage gayya, ganga kuma ba ta da abin yi a gonar da mutum ɗaya ke zagayawa da tankin feshi a baya. Waƙar da aka haifa don ta sauƙaƙa aiki ba ta rayuwa in aikin ya tafi. A 'yan shekarun nan kuma ga rashin tsaro. A ƙauyukan Batsari da Safana da Faskari da Ƙanƙara, wa zai bar ɗiyarsa ta fita dandali bayan isha'i, balle a kwana ana kalankuwa bayan kaka?

Wa'azin ma ya yi nasa, ba a musu. Daga kafuwar Izala a 1978 zuwa ƙaddamar da shari'a a jihar Katsina a 2000, walima ta shiga gidaje da yawa ta zauna a gurbin ajo da wasan dare. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu goge da masu garaya, saboda an haɗa su da bori da gidajen giya. Abin mamaki, a daidai wannan lokacin ne fiyano ya shigo ta finafinan Hausa da situdiyoyin Kano. Mai goge ana ganinsa a fili, ana iya korarsa daga gari. Kaset kuwa yana ƙarƙashin matashin kai. Har masu bege a Maulidi da yawa suka koma fiyano.

Sannan akwai lissafi. Tawagar kalangu mutum bakwai ko takwas ce, da mota da abinci da masauki da sallama. DJ yaro ɗaya ne da janareto da sifika biyu da filashi. Uban amarya da ya gama sayen gado da katifa a wannan tsada ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Roƙo dai bai mutu ba, kaya ya canza. Yau ango yana aika sunansa da na amarya da na iyaye da ƙawaye ta WhatsApp, a haɗa masa waƙa a situdiyo, a jero sunayen ɗaya bayan ɗaya kamar yadda sanƙira ke yi a da. Siyasa ta gaji fada wajen riƙe mawaƙa. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja, ya yi suna da waƙoƙin Buhari a zaɓen 2015, kuma duk wanda ya saurare shi da kunnen da ya san makaɗan da zai ji yabon ubangida da zambon abokin hamayya a inda suka saba zama. Bambancin shi ne mawaƙin yau ba ya jiran a ba shi doki, ciniki ake yi kafin a shiga situdiyo, kuma ban ji an ce gidan da ya aika neman aure sun tsaya shawara ba.

Bikin namu dai an raba shi uku. Aka yi walima ranar Alhamis, Baffa ya ji daɗi. Kamu aka kai shi wani ɗakin taro can hanyar Dutsin-ma, nesa da kunnensa. Ranar wuni masu ƙwarya suka zo su huɗu, babbarsu ta ce ɗiyanta duk sun ƙi koyo, ɗaya tana ɗinki, ɗaya tana sayar da kaya a waya. Sun yi kamar awa ɗaya ana liƙa musu 'yan ɗari bibbiyu, sai aka ga Baffa ya turo yaro daga zaure. Muka ɗauka cewa zai yi a tsaya. Yaron ya ratsa mata ya durƙusa gaban Gwaggo, ya miƙa mata dubu biyu a dunƙule, ya ce Malam ya ce a ba baƙi su sha ruwa, kuma a rage ƙara in an kira la'asar.